Dokokin Kallo na Badaru Dillali

A duk garin Bodinga ba a taɓa yin mutumin da ya san fim kamar Badaru dillalin albasa ba, kuma ba a taɓa yin wanda ya kalli fim kaɗan kamarsa ba. Shi da bakinsa yake faɗa, yana buga ƙirji, cewa tun da uwarsa ta haife shi bai taɓa zama ya ga ƙarshen fim ba. Wai ƙarshen fim na marasa basira ne. Mai basira tun daga farko yake gane inda aka dosa, sai ya kaɗe rigarsa ya kama gabansa.

Ni tela ne. Shagona yana manne da rumfar Maniru mai cajin waya da tura fim, saboda haka duk hukuncin da Badaru ya yanke a kunnena yake sauka, ko ina so ko ba na so. Da zarar ya sallami masu buhunan albasa sai ya zo ya jawo benci, ya zauna ya harɗe ƙafa, kai ka ce aikawa aka yi a kira shi.

Mutum zai zo ya miƙa wayarsa a tura masa sabon fim. Kafin Maniru ya karɓa, Badaru ya riga ya miƙa wuya.

"Buɗe muna farko nai mu gani."

Maniru ya buɗe, don ya san in bai buɗe ba babu zaman lafiya. Sai ga ƙaton get ana wangalewa, mota tana shiga gida.

"Kashe," in ji Badaru. "Dut fim ɗin da yaf fara da mota tana shiga gida, babu komi cikinai. Motar ma ta aro ta. Mai ita shina nan bayan kyamara shina jiran abu nai."

"Amma an ce shina da daɗi," in ji mai wayar.

"Wa yac ce? Wanda yak kalla? To ai shi ya riga ya yi hasara, so shi kai ku zama biyu."

Mai waya ya mayar da wayarsa aljihu ya tafi, Maniru ya bi shi da ido.

Dokokin ba su tsaya ga mota ba. In mace ta fashe da kuka kafin mai kallo ya gama gyara zama, a kashe. In aka mari wani, a kashe, wai magana ce ta ƙare wa marubucin shi ya sa ya koma ga hannu. In likita ya fito daga ɗaki ya cire tabarau ya girgiza kai, wannan ba ma sai an tambaye shi ba. Amma wadda ta fi tayar masa da jijiyar wuya ita ce a ga namiji da mace suna zagaya bishiya ana yi musu kiɗa.

"Mi sunka yadda gindin iccen da ba su iya tsayawa su ɗauka?" haka yake tambaya kullum.

Maniru mutum ne mai shiru, irin shirun da ba ka sanin ko haƙuri ne ko ajiya. Sau ɗaya na ji ya ce, "Badaru, ka bar mutane su kalli abin da su ka so." Badaru ya ce ba zai iya ganin ɗan'uwansa Musulmi zai faɗa rami ya yi shiru ba.

Da haka za a ci gaba har tsufa, ba don Nana Hauwa ba.

Badaru gwauro ne, yana zaune da gwaggonsa Dije wadda ta goye shi. Nana Hauwa kuwa bazawara ce a Shagari, tana yin man gyaɗa da ƙuli-ƙuli a gidan kawunta Sodangi, wanda shi ne waliyyinta. Gaskiya zan faɗa, Badaru yana sonta so na haƙiƙa. Ni na ɗinka masa kayan da yake zuwa zance da su, kuma ni yake goyawa a mashin in raka shi, don haka na ga yadda bakinsa mai kaifi yake rawa in mun doshi ƙofar gidan. Ita ma ba ta ƙi shi ba. Aibinta ɗaya a wurinsa, tana son fim kamar ranta.

Ran nan muna zaure, ta fito da wayarta a hannu, idonta ya yi ja.

"Lahiya?" in ji Badaru.

"Wani fim ni ka kallo. Yarinyar ta ba ni tausai."

"Kuka ta kai?"

"Tun farko."

"To goge shi."

Na taka masa ƙafa. Ya janye ƙafar ya ci gaba. Ya karɓi wayar ya bi finafinan da ke ciki ɗaya bayan ɗaya, kowanne ya leƙa goshinsa ya yanke masa hukunci. Kafin ruwan da ta kawo mana ya huce, bai bar mata ko guda mai rai ba.

Nana Hauwa ta karɓi wayarta ta ɗaure a bakin mayafi. Daidai nan Kawu Sodangi ya shigo daga masallaci, muka zube muka gaishe shi.

"Kawu, tsaya ka zama shaida," in ji ta. "Malam Badaru ya daɗe shina cewa in ba shi dama shi turo manya nai. To na ba shi. Shi kawo mani fim guda wanda shi da baki nai za shi ce ya cancanci kallo. In nik kalle shi har ƙarshe, shi turo su."

Kawu ya dubi Badaru. "Ka ji?"

"Ranka shi daɗe, wanga ai ba aiki ba na."

A hanyar komawa na ce masa ya zaɓi kowane fim ya ce ya yi, a wuce wurin. Ya ce in riƙe shi da kyau akwai rami, kuma in riƙe shawarata.

Washegari ya tare a rumfar Maniru. Suka bi na Hausa, suka bi na Indiya masu fassara, suka bi na 'yan China masu tashi sama. Babu wanda ya tsira. Akwai ɗaya da ya yi nisa ba mota ba kuka, har na ajiye almakashi na matso, sai ga likita ya fito daga ɗaki yana kai hannu ga tabarau. Badaru ya miƙe tsaye.

"Na gane," ya ce. "Fim ɗin da ya cancanci kallo ba a yi shi ba tukun. Ni za ni yi shi."

Ya zayyana mana labarin a tsaye. Mutum zai fito daga gidansa da safe, ya je fadama ya ba albasa ruwa, ya dawo ya ci abinci, ya kwanta ya huta. Babu wanda zai mutu, babu wanda zai yi arziki, babu wanda zai gano cewa uwarsa ba ita ce uwarsa ba.

"Sai mi?" na tambaya.

"Sai a tashi. Hakanga rayuwa take."

"Wa za shi hito a mutumin?"

Ya dube ni da mamakin yadda tela zai yi irin wannan tambaya.

Maniru yana da kyamarar da yake ɗaukar biki da suna da ita. Da Badaru ya nemi ya ɗauka masa, ya amsa nan take, da saurin da ya kamata ya sa mai hankali ya tsaya ya yi tunani. Ni kuma aka ba ni riƙon lema.

Aka fara da fitowa daga gida. Badaru ya sha babbar riga, ya saɓa fartanya a kafaɗa, ya fito yana taku ɗaiɗai. Gidan da ke kallon nasu na wani Alhaji ne, kuma a duk layin shi kaɗai ke da get. Badaru yana kaiwa tsakiyar hanya get ɗin ya wangale, mota ta shiga.

"A sake!"

Aka sake. Direban Alhaji ya ga kyamara, sai ya tuna ya yi mantuwa a kasuwa, ya fito da motar da baya. Aka sake. Ya dawo ya shiga, yana ɗaga wa Maniru hannu ta taga. Badaru ya je ya roƙe shi ya bar motar wuri ɗaya. Direba ya ce to, ya fito da ita ya ajiye a ƙofar gidan su Badaru, ya zauna a kan bonet yana gyara hula.

"Mu tahi fadama," in ji Badaru. "Can babu get."

Wani abokin cinikinsa a Danchadi ya ba shi aron gona da injin ban-ruwa. Muka isa, aka tayar da inji, Badaru ya naɗe hannun riga ya kama tiyo. Albasar da aka ba shi aro kore shar take, ganyenta a tsaye. Amma a gonar da ke maƙwabtaka ganyen duk ya kwanta ya yi ruwan ƙasa.

"Dubi wagga baiwar Allah," ya ce. "Ƙishirwa ta kada ta. Maniru, juyo nan. Mutane su ga tausai na gaskiya, ba na hawaye ba."

Badaru ya san albasa a buhu, ya san ta a kan sikeli, amma bai taɓa saninta a ƙasa ba. Duk wanda ya taɓa noman rani ya san in ganyen albasa ya kwanta ta nuna ke nan, an yanke mata ruwa da gangan don ta bushe kafin a cire. In ka sake jiƙa ta, a rudu, rumbun da ake ajiye ta, za ta ruɓe. Na buɗe baki zan faɗa masa, ya ce mai riƙon lema ba ya magana a fim.

Ya ja tiyo ya tsallaka. Ruwan ya zo da ƙarfin da bai zata ba, tiyon ya ƙwace ya yi masa bulala a ƙirji, ya zauna daɓas a cikin laka da babbar riga. Ya tashi ya sake kamawa, suka yi ta kokawa, shi yana ja tiyo yana ja, har gonar ta cika taf.

Mai gonar, Ubaidullahi, ƙato ne wanda ba ya son doguwar magana. Ya taho daga nesa yana gudu, ya tsaya ya dubi albasarsa tana iyo, ya dubi Badaru, sannan ya ɗauke shi da mari. Tsuntsayen da ke kan tsamiya suka tashi.

Badaru ya dafe kunci. "Malam, ka yi haƙuri, a sake. Ka koma ka taho, ka yi hwaɗa da baki kawai. Mari ba shi cikin tsari."

Ubaidullahi ya dube shi sama da ƙasa. Abin mamaki, sai ya juya ya koma har gindin tsamiya, ya sake tahowa, ya tsaya ya yi faɗa da baki, faɗa mai kyau wanda ya haɗa da kakannin Badaru. Da ya gama ya tambayi Maniru, "Ya yi?"

"Ya yi," in ji Maniru.

Sai ya mari ɗaya kuncin. "Wanga nawa na, ba na fim ba."

Sai da dattawan fadama suka shiga tsakani, Badaru ya ɗauki alkawarin duk abin da ya ruɓe a wuyansa, sannan aka bar mu muka tafi.

Saura cin abinci da hutawa, wanda Badaru ya ce ko makaho zai iya ɗauka. Kumatunsa sun kumbura sun yi suntum, don haka ya yanke shawarar a fara da hutawa, ya kwanta a tabarma a tsakar gida ya lulluɓa da zane har fuska. Gwaggo Dije za ta zauna a gefe tana haɗa miya.

"Komi yaf faru kada ka tsai da kyamara," ya gargaɗi Maniru. "Ni ma ba ni motsi. An gaji da sakewa."

Gwaggo ta jawo albasa ta fara yankawa. Albasar Sakkwato kuwa ba ta wasa. Hawaye suka fara zubo mata.

"Gwaggo, ban da hawaye," in ji murya daga ƙarƙashin zane.

"Albasa ta, ɗan nan."

"To ki hana ta. Kina ɓata mani fim."

Gwaggo ta ajiye wuƙa. "Ni ka ka yi wa tsawa? Ni da nig goye ka bayana har ƙashina ya lanƙwashe?" Sai ta tuna da ƙanenta marigayi, mahaifin Badaru, ta ɗora hannu a ka ta fashe da kuka na gaske. "Wayyo Ɗanbaba! Ka tahi ka bar ni! Wayyo ni Dije!"

Matan maƙwabta suka shigo a guje. Suka ga tsohuwa tana kuka, suka ga mutum miƙe an rufe shi har fuska. Ba su tambayi kowa komai ba, suka ɗauki salati. Wani maƙwabci da ake bikin suna a gidansa ya shigo da jama'arsa. Wani ya ruga ya kira Abu mai kemis, wanda shi ne likitan layin in abu ya zo da gaggawa.

Badaru bai motsa ba. Ya yi alkawari.

Abu ya durƙusa ya ɗaga zanen. Ya ga fuska a kumbure, idanu a rufe. Zufa ta lulluɓe masa tabarau, sai ya cire don ya goge, yana girgiza kai saboda irin kumburin da ya gani. Mata suka ƙara murya. Badaru ya buɗe ido ɗaya don ya ga ko kyamara na kansa, sai ya ga tabarau a hannun Abu.

Ya yi zumbur ya tashi zaune. "Mai da tabarau ɗinka!"

Ban taɓa sanin ƙofar gidan nan za ta iya fitar da mutane da yawa haka a lokaci ɗaya ba. Abu ya fita ta kan katanga. Wata mata ta bar takalminta da goyon maƙwabciyarta da take riƙe da shi, ta ɗauki tukunyar miya ta gudu da ita.

A cikin matan, Gwaggo Dije ce kaɗai ba ta gudu ba. Ta share hawaye, ta ɗauki muciya. Badaru ya fita da zane a wuya, ta bi shi. A ƙofar gida akwai bishiyar dogon yaro, ya laɓe a bayansa, ta zagayo, ya zagaya, ta sake zagayowa. Makaɗan kalangun da aka ɗauko don bikin sunan suna zaune ba aikin yi tun da jama'a ta watse, sai suka ga abin da ya fi suna. Suka ɗauki kiɗa daidai da takun Gwaggo, maroƙinsu yana kirari, "Dije ta Ɗanbaba, a gaishe ki! Ba shi ta hagu!"

Maniru yana tsaye da kyamara a kafaɗa, fuskarsa kamar mai sauraron wa'azi.

Da ƙura ta lafa, Badaru ya zauna a kan buhun albasa yana haki, ya daɗe yana kallon gabansa, Maniru yana ta ɗauka. Can ya ce, "Ka yanke motar. Ka yanke marin, dukka biyun. Ka yanke kukan, da Abu, da iccen."

"In niy yanke waɗanga dut, zaman buhun ga kaɗai za shi rage."

"To ka ja shi shi yi tsawo. Aikinka na."

Bayan 'yan kwanaki Maniru ya ce ya haɗa. Ya juyo da kwamfuta, ya kunna. Ga Badaru a kan buhu, yana kallon gabansa. Ba mota, ba kuka, ba kowa. Kaza ta zo ta wuce.

"Kashe," in ji Badaru, idonsa na ƙyalli. "Ya yi."

"Ka kalla har ƙarshe," in ji Maniru.

"Ni? Yau ka san ni?"

"Na dai ce ka kalla."

"Tela, ka ji shi. Wai in kalli fim har ƙarshe."

Ni shaida ne, Maniru ya faɗa har sau biyu.

Da Badaru ya kai wa Nana Hauwa a waya ta kalla a ɗakinta, da abin ya tsaya tsakaninsu. Amma ina. Ya bi kasuwar Bodinga rumfa rumfa yana gayyata. Ranar kasuwar Shagari ya je ya yi haka. Ya aika wa Ubaidullahi ya zo ya ga yadda ake fim ba mari. Ya yi hayar babbar talabijin daga gidan kallon ƙwallo, da janareto, aka kafa a rumfar ƙofar gidan Kawu Sodangi bayan La'asar. Maza suka cika tabarmi har bakin hanya, mata suka cika zaure suna leƙe. Na hango Nana Hauwa a gaba, ta sha lalle da sabon mayafi. Daga cikin gida kuma ƙamshin suyar kaji yake fitowa, kowa ya san ba don masu kallo aka yi ba.

Badaru ya miƙe ya yi jawabi. Ya ce yau mutanen Shagari za su ga fim na farko a duniya wanda bai raina hankalin mai kallo ba. Ya ce duk wanda ya ga mota ko hawaye ko mari a ciki, ya tashi ya tofa masa yawu. Sannan ya zauna kusa da Kawu ya ce a kunna.

Ga Badaru a kan buhu. Jama'a suka nutsu suna jiran abin da zai faru. Kaza ta wuce. Aka ci gaba da jira. Wani dattijo ya tambaya ko hoton ya maƙale ne, aka ce a'a, ga shi yana ƙifta ido. Kawu Sodangi ya fara gyangyaɗi. Daga zaure na ji hamma mai tsawo, Badaru ya raɗa mini cewa alamar nutsuwa ce.

Sai ga get ya wangale, mota ta shiga.

Badaru ya juya ya nemi Maniru. Maniru yana can yana duba man janareto.

Motar ta fito da baya. Ta koma. Direba ya ɗaga hannu, yaran Shagari suka ɗaga masa. Dariya ta fara daga baya ta taho gaba. Da tiyo ya kayar da Badaru a laka, Kawu ya farka. Da manoma suka ga gonar da ake jiƙawa, suka ɗauki salati gaba ɗaya, wani yana ihu, "Ta nuna! Kai, ta nuna!" kamar na cikin talabijin zai ji shi. Da marin farko ya sauka aka yi kabbara. Ubaidullahi ya miƙe ya ɗaga hannu aka tafa masa.

Badaru ya yunƙura zai je ya kashe janareto.

"Zamna," in ji Kawu Sodangi, idonsa na kan talabijin.

"Ranka shi daɗe, kuskure anka..."

"Na ce zamna, ka tare mani."

Mutum ba ya musu da wanda yake neman aure a gidansa. Badaru ya zauna. A nan, a gaban mutanen gari biyu, ya kalli fim tun daga farko har ƙarshe, karo na farko a rayuwarsa. Ya ga gawarsa ta tashi tana ba da umarni. Ya ga Abu a kan katanga. Ya ga kansa da Gwaggo suna zagaya dogon yaro ana yi musu kalangu, kuma Maniru ya rage gudun hoton a wurin don a ga muciya da kyau. Wani tsoho dariya ta shaƙe shi sai da aka ba shi ruwa. A zaure kuwa muryar Nana Hauwa ta fi ta kowa, tana dariya tana riƙe ciki tana cewa, "Wayyo Malam Badaru, Allah shi bar muna kai!"

Hoto ya ɗauke. Jama'a suka ce a maimaita. Kawu ya ɗaga hannu aka yi tsit.

"Nana, kin kalla har ƙarshe?"

"Har ƙarshe, Kawu. Ban taɓa ganin wanda yaf fi shi ba."

"To naki ya cika." Ya juyo yana share idonsa da bakin rawani. "Badaru, saura kai. Kalma guda ta. Fim ɗin ga ya cancanci kallo?"

Na matsa na raɗa masa, "Ka ce i. Don girman Allah ka ce i."

Badaru ya miƙe. Ya dubi zaure, ya ga Nana Hauwa tana murmushi tana jiransa. Ya dubi tabarmi, ya ga duk waɗanda ya taɓa hana su kallo a rumfar Maniru, su ma suna jiransa, da wani irin murmushin daban.

"Ranka shi daɗe," ya ce, "akwai mota cikinai."

"Mun gani."

"Akwai mari. Akwai kuka. An cire tabarau. An zagaya icce."

"Dut mun gani. Ya cancanci kallo ko bai cancanta ba?"

"Ni Badaru, in nic ce ya cancanta, gobe da wane baki za ni zamna rumhwar Maniru?" Ya gyara wuyan rigarsa. "Bai cancanta ba."

Babu wanda ya yi dariya. Janareto kaɗai ke magana.

Nana Hauwa ta matso bakin zaure. Sannan ta ce, ba da faɗa ba, "Ni ba fim nis so ba, Malam Badaru. So niy yi in ga ko akwai ranar da za ka aje maganarka saboda ni. Na gani." Ta ja mayafinta ta shige cikin gida. Kajin da aka soya, masu janareto aka ba.

Ni dai raina ya ɓaci, kuma na ji tausayinsa har cikin ƙashina, duk da na so a ce lemar nan tana hannuna in kwaɗa masa. Ya bi ta cikin jama'a da kansa a sama, yana amsa sallamar da babu wanda ya yi masa. Muna hawa mashin na ji an sake kunnawa daga farko, ana cewa Maniru ya wuce wurin buhun.

Muka kama hanyar Bodinga, rana tana shirin faɗuwa. Mun yi nisa da gari sai ya gangara gefen titi ya kashe mashin. Ya sauka ya tsaya ya ba hanya baya. Kafaɗunsa suka fara rawa.

"Badaru," na ce.

"Ƙwaro na yaf faɗa mani ido."

"Kawo in hura maka."

"Tela," ya ce, "juya can. Wanga wuri bai cancanci kallo ba."

Na juya na fuskanci gonakin albasa, na tsaya a haka har ya gama.